Daga H Sai J: Yadda Harafin I Ya Rasa Kujera A Jirgin Boeing 747

A cikin Boeing 747, jirgin da kamfanonin Kabo da Max Air suka yi shekaru suna jigilar alhazai da shi daga Kano zuwa Jidda, haruffan kujerun talakawan fasinja a jere suke kamar haka: A, B, C a hagu, D, E, F, G a tsakiya, H, J, K a dama. Kujeru goma, haruffa goma, amma babu I. Mai manna lambobin bai manta ba, kuma babu kujerar da aka cire. Haka abin yake a Boeing 777 da Airbus A380, haka kuma a gidajen wasan kwaikwayo da manyan zaurukan taro na Turai da Amurka, inda sau da yawa za ka tashi daga layin H ka faɗa layin J, can gaba kuma ka tashi daga N ka faɗa P. Na zaɓi jirgi ne domin a cikinsa ana iya bin sawun lamarin tun daga tushe, a ga abin da ya haddasa shi, da abin da tsallaken ya gyara, da abin da ya bari ba gyara.

Harafi na tara

I shi ne harafi na tara a jerin haruffan Turanci. Saboda haka muddin kujerun layi ɗaya ba su kai tara ba, babu mai haɗuwa da shi. Boeing 707, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 1958, hanya ɗaya ce a tsakiyarsa, kujeru uku a kowane gefe, daga A zuwa F. Dokar Amurka ta ƙera jiragen fasinja, a sashe na 25.817, ta ce jirgin da ke da hanya ɗaya ba a sa masa fiye da kujeru uku a kowane gefen hanyar. Shi ya sa har yau Boeing 737 da Airbus A320, irin waɗanda ke kai-komo tsakanin Kano da Abuja da Legas, a F suke tsayawa. Wanda iyakar tafiyarsa ke nan ba zai taɓa sanin akwai wata magana a kan I ba.

Abin ya sauya ne lokacin da jirgi ya yi faɗi. A watan Afrilu na 1966 kamfanin Pan Am, ƙarƙashin Juan Trippe, ya yi odar jirage 25 na wani sabon samfuri da ko ƙera shi ba a yi ba. Injiniya Joe Sutter ya jagoranci zanensa, aka gina masa masana'anta ta musamman a garin Everett. Ya fara tashi ranar 9 ga Fabrairu, 1969, ya kuma ɗebi fasinjojinsa na farko daga Niyok zuwa Landan ranar 22 ga Janairu, 1970. Shi ne jirgin fasinja na farko mai hanyoyi biyu a ciki. Da farko kujeru tara ake jerawa a layi, daga baya kamfanoni suka matse suka mayar da su goma. Ranar da layi ya kai tara, ranar ce I ya zo bakin ƙofa, aka kuma hana shi shiga.

A zauren taro lissafin ɗaya ne, sai dai an juya shi. A can harafi sunan layi ne, lamba kuma sunan kujera, don haka layi na tara shi ke cin karo da I, in an tsallake shi kuma na goma sha huɗu ya ci karo da O. Ko ƙaramin zaure ma yana kaiwa nan.

Laifin I

Sunan kujerar jirgi lamba ce da harafi manne da juna, babu tazara: 21A, 45K. Yanzu a sa I a wurin. Kujerar 2I, a idon mai sauri, 21 ce. 3I ta zama 31, 4I ta zama 41, kuma duk waɗannan layuka ne na gaske da ke cikin jirgin, da mutane zaune a kansu. In kuwa lambar ta yi tsawo, kamar 21I, mutum zai karanta 211. Wani zai ce ai babu layi na 211, hankali zai gyara kuskuren. Gaskiya ne babu wanda zai tafi neman layi na 211, amma abin da ya faru shi ne takardarsa ta rasa harafinta. Yana riƙe da lamba tsirara, bai san ko taga ce ko tsakiya ba, bai ma san ta wace hanya zai bi ba. Dole ya tsaya ya yi tambaya, kuma a tsakiyar hanya zai tsaya.

Ya kamata a dubi irin tafiyar da wannan ɗan rubutu ke yi kafin ya isa kujera. Daga kwamfutar kamfani yake fitowa. A tsarin da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta shimfiɗa wa takardar shiga jirgi, gurabe huɗu kacal aka ware wa kujera, uku na lamba ɗaya na harafi. Daga nan na'urar da ke bugawa da zafi ta buga shi a siririyar takarda, irin wadda rubutunta ke dishewa. A ninke ta cikin fasfo, ta sha gumi a aljihu. In an sauya wa mutum kujera a bakin ƙofa, ma'aikaci ya soke tsohuwar ya rubuta sabuwa da biro, a tsaye, da sauri. Wani kuma a allon waya mai tsage zai nuna tasa. A ƙarshe ido ne zai karanta, ido mai shekara saba'in wataƙila, wanda ya kwana a sansanin alhazai yana jiran kira, a cikin hasken jirgi mara ƙarfi. Kowane mataki a cikin waɗannan yana ɗan cin siffar harafi. A da K suna da ƙashin da za su jure. I kuwa sanda ce kawai a tsaye, ba ta da abin da za a rage mata ta ci gaba da zama kanta.

Kama da wane ba ta wane, amma I da 1 sun daɗe ana ɗaukarsu abu guda. Keken rubutu na Sholes da Glidden, wanda kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874, ba shi da maɓallin 1 kuma ba shi da na sifili. Mai bugawa I yake dannawa a madadin ɗaya, O a madadin sifili. Kekunan da suka biyo baya da yawa ƙaramin l suka riƙa amfani da shi a matsayin ɗaya, har cikin shekarun 1960 da bayansu. Sannan salon rubutun da ya mamaye allunan filayen jirgi, irin su Helvetica na 1957 da Frutiger wanda aka samo daga allunan filin jirgin Charles de Gaulle na Faris, duk sun aske wa I 'yan ƙafafunsa na sama da ƙasa, suka bar shi sanda. Wato a daidai lokacin da jirgi ya yi faɗin da zai buƙaci I, a lokacin ne I ya fi kama da 1.

Akwai wani ƙarin da ya shafi mutanenmu kai tsaye. Da yawa daga cikin maniyyata lambobin Larabci suka fi sani, irin na shafukan Alƙur'ani bugun Madina. A can ɗaya sanda ce a tsaye, ١, sak I. Biyar kuwa da'ira ce, ٥, sak O, sifili kuma ɗigo ne. Dattijon da ya tashi da wannan karatu, in ya ga O a jikin kujera, biyar zai fara zuwa masa. Waɗanda suka cire haruffan nan ba shi suka tuna ba, amma ya amfana. Duk wanda ya yi karatun allo ya san yadda ɗigo ke raba ba'un da ta'un da nunun, ya kuma san abin da ke faruwa in tawada ta goge. Harafin da bambancinsa ya rataya a kan ƙaramin abu haka, bai dace da wurin gaggawa ba.

Kuma gaggawa ce. Jirgin alhazai na iya ɗaukar mutum sama da 500. Ma'aikacin da ke bakin ƙofa harafi kawai yake dubawa, ya tura masu haruffan farko hanya ta kusa, masu na ƙarshe su tsallaka zuwa hanya ta biyu. Mutum ɗaya ya bi hanyar da ba tasa ba da jaka a hannu, sai ya juyo yana karo da masu shigowa, ko ya ratsa ta kan gwiwoyin mutum huɗu. Bayan haka ma, kujera ba wurin zama ba ce kawai a wurin ma'aikata. Da ita ake kai abinci na musamman, da ita ake sanin inda mai keken guragu yake, da inda jariri yake. Da ita ake lissafin yadda nauyi ya rabu tsakanin gaba da bayan jirgi. In aka gano mai cuta mai yaɗuwa bayan sauka, da lambar kujera ake nemo waɗanda suka zauna kusa da shi. Duk wannan ya dogara ne a kan mutum yana zaune inda takarda ta ce.

An iya bin wata hanya

Da an so, da an riƙe I an sauya salon rubutu, a mayar masa da ƙafafunsa, kamar yadda ake ja wa sifili layi a ciki don raba shi da O. Wannan yana aiki a inda mutum ɗaya ke da iko da rubutun daga farko har ƙarshe. Amma kamfanin jirgi ba shi da iko da injin buga takarda na kowane fili, ba shi da iko da wayar fasinja, balle hannun ma'aikacin da ke rubutu da biro. Da an so kuma, da an dogara da sunayen da matuƙa ke kiran haruffa da su, waɗanda hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tsayar a 1956, inda I yake India, J yake Juliett, K yake Kilo. To amma wannan na matuƙi ne da hasumiya, fasinja bai san shi ba. Hanyar da ta rage ita ce mafi arha kuma mafi ƙarfi: abin da babu shi ba a karanta shi ba daidai ba. A ganina wannan ne zaɓin da ya dace, domin shi kaɗai ne bai ɗora wa fasinja nauyin komai ba. Bai nemi ya yi ilimi ba, bai nemi ya sa tabarau ba. Tsarin ne ya rage wa kansa harafi don mutum ya huta.

Jirgin da kansa, kafin ya tashi, a kan wannan ƙa'ida yake tafiya. Hanyoyin da yake bi daga wurin ɗaukar fasinja zuwa titin tashi da haruffa ake kiransu, kuma ƙa'idar ICAO ta hana amfani da I da O da X, biyun farko don kada a ɗauke su lamba, X kuma domin shi ne alamar hanyar da aka rufe. Motar da ta kawo ka filin ma haka: lambar jikinta mai gurabe 17, wadda aka daidaita a 1981, wadda kwastam da dillalan motocin Kwatano ke dubawa, ba ta ɗauke da I ko O ko Q. Kamfanin kwamfuta na DEC a Amurka ya cire G da I da O da Q wajen sanya wa ƙafafun na'urorinsa suna, har masu aikin lantarki suka riƙa kiran jerin da sunan kamfanin.

Abin da ya fi burge ni shi ne birnin Washinton. Titunansa da haruffa aka jera su tun zanen Pierre L'Enfant na 1791, kuma akwai titin I, akwai titin K, babu titin J. A can J aka kora aka bar I, domin a rubutun wancan ƙarni I da J kusan harafi ɗaya ne, ana musanya su. Rundunar sojan ƙasa ta Amurka ma ta daɗe tana tsallake J wajen sanya wa ƙananan rukunoninta suna. Wato ba wani harafi ne mai laifi a kan kansa ba. Wanda ya zauna kusa da shi ne ke jawo masa. A zamanin alƙalami abokin ruɗaninsa J ne, a zamanin inji da lambobi ya koma 1.

Tsallake iri biyu da ba su da alaƙa da ido

Ba kowane giɓi ne a jirgi ke da wannan dalili ba, kuma a nan mutane ke cakuɗa abubuwa. A hancin 747, inda jikin jirgin ya tsuke, layin farko na masu babban tikiti kujeru biyu ne kawai, kuma a Lufthansa sunayensu 1A da 1K, haka ma a British Airways kafin ya daina amfani da 747 a 2020. Suna kusa da juna, amma an tsallake haruffa takwas a tsakaninsu ban da I. Dalili shi ne a bar kowane harafi da ma'anarsa a ko'ina cikin jirgin: A tagar hagu, K tagar dama. A benen sama na 747 ɗin Lufthansa za ka ga A, C, H, K. Ƙananan jirage masu kujeru biyu-biyu da yawa A, C, D, F suke sawa, don C da D su ci gaba da zama na bakin hanya, B da E kuma, waɗanda aka sani da kujerun tsakiya, su ɓace tunda babu tsakiya. Wannan yana taimaka wa mai sayar da tikiti, yana kuma taimakawa ranar da aka sauya jirgi da wani samfuri, mai taga ya ci gaba da zama a taga.

Na biyun camfi ne zalla, kuma lambobi ya shafa. Lufthansa ba ta da layi na 13, ba ta kuma da na 17, wanda mutanen Italiya ke gudu. Wannan tsallake don kwantar da hankalin mai saye ne. Ba daidai ba ne a haɗa shi da na I. Ɗaya yana maganin kuskuren da ke faruwa a zahiri, ɗaya yana lallashin tsoro.

Abin da bai gyaru ba

Cire I ya haifar da tasa 'yar matsala, kuma wanda ya fi sanin haruffa ita ta fi kamawa. A ce mutum yana da 45J. Ya san J harafi na goma ne, ya san kujeru goma ne a layi, sai ya yanke cewa tasa ce ta ƙarshe, ta jikin taga. Ya je ya zauna. Mai 45K ya iso. Alhali J ita ce ta tara, ta tsakiya, tsakanin H na bakin hanya da K na taga. Ɗan hoton da ke jikin ma'ajiyar kaya yana nuna wannan, amma ƙarami ne, kuma ba kowa ya san me yake nufi ba. A zauren taro abin ya fi yawa: mai tikitin layin K yana shiga cikin duhu yana ƙirga layuka daga gaba, ya ƙirga goma sha ɗaya, ya zauna a layin L.

Sannan babu doka ɗaya da ta ɗaure kamfanoni. Wasu a K suke ƙarewa, wasu su tsallake wani harafin su ƙare a L. Jirgi iri ɗaya, kujera ɗaya, suna biyu. Zaurukan taro sun fi haka rarrabuwa. A Royal Albert Hall na Landan, wanda aka buɗe a 1871, sassan kujerun da ke kewaye da tsakiyar zauren sunayensu G, H, J, K, L, M, O. Babu I, babu N, amma ga O a zaune, harafin da wasu zaurukan suka fara kora. Wanda ya koyi dokar a wani wuri ba zai iya dogara da ita a nan ba.

Babban giɓin da ya rage, a wurina, na kunne ne, kuma Hausawa sun fi kowa cancantar lura da shi domin iyaka ta raba mu tsakanin makarantar Turanci da ta Faransanci. Bakano yana kiran harafin E da sautin «i». Ɗan Damagaram ko Maraɗi da ya yi lakwal, in ya ji «i», harafin I yake gani. Wannan kam cire I ya kashe shi, ko da ba don haka aka yi ba. Amma ga G da J. A Turanci G ne ake kira «ji», J kuma «je». A Faransanci akasin haka ne: J ne «ji», G ne «je». A layin 747, G tana bakin hanya a rukunin tsakiya, J tana tsallaken hanyar, kujera ɗaya tak, H, a tsakaninsu. Ma'aikaciya ta faɗa da baki, fasinja ya ji daidai, ya fahimta daidai bisa karatunsa, ya zauna a kujerar wani. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Maganin da ake da shi a yanzu shi ne kada a faɗa, a nuna: a miƙa takarda, a bi da yatsa. Ga wanda ke shirya zama a zauren da 'yan Nijeriya da 'yan Nijar za su haɗu, G ko J, ɗaya ya kamata ya bi I waje. Wanda kuma ya yi sha'awar jera layuka da haruffan Hausa, sai ya tuna cewa B da Ɓ, D da Ɗ, K da Ƙ, ɗan lanƙwasa ne kawai ya raba su, kuma fenti a bayan kujera ba ya daɗewa.

An miƙa 747 na ƙarshe ga kamfanin Atlas Air ranar 31 ga Janairu, 2023, bayan an ƙera guda 1,574. Jerin haruffansa ya wuce zuwa 777 da sauran manyan jirage. Airbus ya taɓa tallata wa kamfanoni A380 mai kujeru goma sha ɗaya a layi, uku da biyar da uku, wanda da zai kai jerin har L, amma babu kamfanin da ya ɗauka, kuma an daina ƙera jirgin a 2021. Kafin a kai ga yin gardama a kan O a cikin jirgi, sai layi ɗaya ya ɗauki kujeru goma sha huɗu.